Wa Zai Kafa Turaku Bana?

Kaka ya rasu ana tsakiyar yankan gero, gulbi bai gama sauka ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kowa ya faɗi haka, ni ma na faɗa, amma ba kukan mutuwa na zo yi muku ba. Tsohon da ya ga 'ya'yan jikokinsa, ya cika a kan tabarmarsa da kalmar shahada a bakinsa, a Zamfarar nan tamu ta yau, wallahi ya yi sa'a. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan daban ne. Akwai maganar da na ji a wurin zaman makoki, ta tsaya mini a rai, ta ƙi wucewa.

Ni jikarsa ce. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, a hannun Kaka da matarsa Iya na tashi har aure ya kai ni Gusau. Da aka bugo mini waya na shiga motar Bunguɗu, na sauka a bakin kwalta, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na iske ƙofar gida ta cika. Wani tsohon direba ya taso tun daga Tsafe yana jan ƙafa, ya ce shi bai taɓa sanin sunan mamacin ba sai yau, "mai turaku" kawai ya sani, mutumin da ya tare gabansa ya hana shi jefa motar gyaɗa cikin rami yana saurayi. Wata tsohuwa daga Furfuri ta shigo wurin mata tana dariya tana share hawaye. Ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji, cikin masaki, babbar ƙwaryar fito, Kaka ya tura ta har ƙetare, tana ihu, yana ce mata ta rufe baki kada kifi ya yi mata dariya. Mutanen Wanke sun zo, na Wonaka ma sun turo.

Sai can, ta bayan zana, na ji wani ya rage murya. "Allah ya jiƙan tsoho. Amma dai an huta da rigimar turaku." Wani ya amsa masa, "Ƙwarai kuwa. Bana kowa ya zauna gefensa." Suna faɗa suna shan kunun gidanmu! Na gane muryoyin duka biyu. Ba zan faɗi ko su wane ne ba, ba don sun cancanci sutura ba, sai don Iya ta hana ni.

Ga abin da suke nufi, don wanda bai san wurinmu ba. Ƙauyenmu yana bakin Gulbin Sakkwato, tsakanin Gusau da Bunguɗu. A hayi, wato ƙetaren ruwa, akwai 'yan ƙauyuka da gonakin fadama da ruga, kuma rabin danginmu suna can. Gwaggo, autar Kaka, can take aure. Akwai gada, amma tana da nisa, hanyar da za ta kai mutanen hayi gare ta kuma ta daji take bi, dajin kuwa yanzu na 'yan bindiga ne. Hanya ɗaya ta rage musu, mashigin da ke ƙasan gidanmu. Shi kuma ba ya shiguwa bayan damina sai an kafa masa turaku, mai kafa su kuwa shi ne aka yi wa wanka aka sa a likkafani.

Maƙabartarmu tana kan tudu, ana hango ta daga hayi. Da aka fito da makara muka tsaya bayan gida mu mata, sai na ga mutane jere a wancan gaɓar. Gwaggo ce a gaba, na gane ta da jan mayafinta. Ta shigo ruwa har gwiwa, mijinta ya riƙo ta. Daga nan ta kalli ubanta ana wucewa da shi. Iska ta riƙa kawo mana muryarta guntu-guntu tana kiran Baffa, babban wanta: "Yaya! Ya haƙuri?" Baffa yana ƙarƙashin makara, bai waiwaya ba. Washegari suka sake zuwa, suka ɗaga hannu suka yi addu'a, suka shafa, suka juya. Kada ku ce mini waya. An yi waya, an yi kuka a waya, amma waya ba ta kai ɗiya ɗakin uwarta. Ni dai tun da nake ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar nan ba.

To bari in gaya muku wanda aka ce an huta da shi.

Kaka gajere ne, baƙi, mai faɗin tafin ƙafa. Ban taɓa ganin takalmi ya daɗe a ƙafarsa ba. Wanda duk na sayo masa daga Gusau sai in iske shi rataye a jikin rumbu, in na yi magana ya ce, "Amarya, ƙafar da ba ta jin ƙasa makauniya ce." Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ba na auren wanda ba shi da haƙora. Iya tana jin mu sai ta ce, "Kwashe shi ku tahi, na yafe miki."

Gulbinmu ba ya zama wuri ɗaya. Kowace damina sai ya kwashe yashin nan ya jibge can, inda ka taka bara da ƙarfi bana sai ya haɗiye ka har ƙugu. Daga baya masu tifa suka ƙara mana nasu, suna haƙar yashi da rani suna kai wa magina Gusau, su bar ramuka, ruwa ya zo ya rufe su lif, sama sumul ƙasa kabari. Shi ya sa duk shekara ake neman mashigi sabo. Kaka kuwa, duk da ƙafarsa mai gani, bai taɓa yarda ya nemo shi shi kaɗai ba.

Yana da aboki Bafulatani a hayi, tun suna samari. Mu Kakan-ruga muke ce masa. In ruwa ya sauko daidai ƙugu, sai Kaka ya zuba dusa da kanwa a ƙwarya, ya sauka bakin gulbi, ya ɗaga ta sama yana kaɗawa. Wannan ita ce gayyata. Kakan-ruga na gani daga can sai ya saki tsohuwar saniyarsa mai ja gaba. Ita ba ta miƙewa. Sai ta shinshina, ta taka, ta janye ƙafa, ta karkata, ta yi sama da ruwa, ta dawo, har ta iso ga ƙwarya. Saniya ba ta ɗora nauyinta inda yashi zai ci amanarta. Sauran garke su biyo sawunta su daddaɓe wurin. Sannan Kaka ya shiga da damin turakun marke a kafaɗa da tsohuwar taɓaryar Iya, yana kafawa yana ɗaura musu tsumma, har ya kai hayi. Can su zauna su biyu su sha fura, su yi ta musu a kan wanda ya girmi wani. Musun nan har Kaka ya mutu ba a gama shi ba.

Taɓaryar ma da labarinta. Iya ta ce sata ya yi, shi ya ce gado ya ci da rai. Duk shekara sai sun yi wannan faɗa, duk shekara kuma ita ke goge masa ita ta jingine a bakin ƙofa.

In kana son ka ji tarihin ƙasar nan, ka zauna kusa da Kaka yana feƙe turaku. Ba ya ba da labari a jere, sai abin da ya faɗo masa. Ya ce ubansa mai fito ne, shi ma da fito ya fara, zamanin da in damina ta yi tsakiya sai a sa mutum da kayansa cikin masaki, mai fito ya rungumi gora yana iyo yana turawa. Ya ce ya ga lokacin da jakai ke yin layi a gaɓa da taikunan gyaɗa da auduga, masu su na zagin juna, kowa na son ya riski jirgin ƙasan da ke tahowa ta Tsafe ya tsaya Gusau kafin ya wuce Ƙaura. Ranar da ya fara jin kukan jirgin nan, in ji shi, sai da ya bar jakinsa ya hau bishiya. Sannan manyan motoci masu bodin katako suka shigo, direbobinsu na ganin gulbi da rani su raina shi, su kutsa, su kafe, a kwana biyu ana tono. Aka zuba kwalta daga Gusau zuwa Sakkwato, aka yi gada can nesa, mutane suka ce to, an gama da mashigi. Ba a gama ba. Mai amalanken shanu bai da abin da zai kai shi gada, haka mai tallar nono, haka mai ciki da naƙuda ta kama. Jirgin ya daina kuka, layin dogo ciyawa ta rufe shi, ga mashigi nan. Daga baya babura suka zo.

"Na fid da jaki, na fid da mota, na fid da babur," in ji shi. "Ban taɓa tambayar kowa sunan ubanai ba. Gulbi ma ba shi tambaya."

Kuma yakan kalli sama ta gabas, can wajen Kwatarkwashi da Tsafe. In ya ga hadari ya yi baƙi a can, ko ɗigo bai sauka mana ba, sai ya hana kowa shiga. "Gulbi ba shi kawo maka ruwan garinku," ya ce, "ruwan wasu shi ka kawowa." Washegari kuwa sai ka ga jan ruwa ya taho da karare da kumfa.

Na tuna wata shekara ina 'yar ƙarama na kwanta da zazzaɓi mai zafi, mai maganin da Iya ta yarda da ita kuma tana hayi. Lokacin Kaka ya daɗe da barin fito, amma ya sauko da tsohon masakinsa daga rataye, ya shimfiɗa zane, ya kwantar da ni ciki. Abin da na tuna shi ne sama tana juyawa, da fuskarsa a bakin masakin, ruwa na zuba daga gemunsa, yana ce mini, "Amarya, kada ki mutu ki bar ni da tsohuwar can." Na yi dariya cikin zazzaɓi. Iya ta ce daga ranar na fara cin abinci.

Sai zamanin bindiga ya zo.

Ba zan tsaya ba ku labarinsa ba, duk wanda ke Zamfara yana da nasa. Namu shi ne babban ɗan Baffa. Ya ƙetara hayi duba gonar shinkafa, aka harbe shi a kan kunya, da fartanya a hannunsa. Bayan haka ba da daɗewa ba suka ƙetaro da babura da tsakar rana suka kore shanun noma na ƙauyenmu, kuma ta mashigi suka bi, jikin turakun Kaka. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta don ina son Kaka ba.

Ranar Baffa ya sauka gulbi ya tuttuge turakun nan kaf, ya zo ya watsar a tsakar gida gaban ubansa. Ina nan, na zo gaisuwa. Baffa mutum ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da Kaka, amma ranar ya tsaya gabansa ido cikin ido.

"Baba, hanya kake shimfiɗa musu. Sun kashe mini ɗa, kana kafa musu alama."

Kaka ya dubi turakun. Ya ce, "Sun bi. Ban musa ba. Masallaci ma ɓarawo na shiga ya ɗauki takalmi. Ka taɓa ganin an rushe shi?"

"Baba, wannan ba takalmi ba ne."

"Na sani. Jikana ne, ni na yi mishi huɗuba. Amma saurara. Mai bindiga ba shi buƙatar turke. In ya rasa nan, ya bi can, gulbi na da tsawo. Turke na tsohuwa ne, da mai goyo, da ƙanwarka. In ka tuge, ba su ka rufe waje ba. Ita ka rufe ciki da su."

Baffa ya juya ya fita. Da safe Kaka ya tattara turakunsa ya koma ya kafa. Aka sake tugewa, wannan karon samarin ƙauye ne masu gadi. Ya sake kafawa. Aka aiko masa da dattawa, har da liman, suka ce ya yi haƙuri ya bi jama'a. Ya ba su tabarma, ya ba su ruwa, ya saurare su har suka gama, ya ce, "Na ji. Allah shi saka." Suna fita ya ɗauki taɓarya. Taurin kai? Ƙwarai, yana da shi, ni ma a wurinsa na gada.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne Kakan-ruga. Suka ce Bafulatani ne, wa ya san abin da 'ya'yansa ke yi a daji. Alhali shi ma an kwashe masa garke, 'ya'yansa sun watse, 'yan shanun da suka rage masa ba su cika ido ba. Aka ce in ya sake taka gaɓarmu, abin da ya same shi shi ya ja. Kaka ya ji, ya zuba dusa da kanwa, ya ratsa ta tsakiyar masu maganar da ƙwarya a hannu. Ya ce musu, "Da shi munka binne iyayenmu. Wanda zai taɓa shi, shi fara da ni, ga ni gajere, ba ni da wuyar samu." Ba wanda ya motsa. Amma daga shekarar Kakan-ruga bai ƙara hawowa gaɓarmu ba. Saniya ke zuwa, shi ya tsaya can.

Bara lokacin girbi, wata la'asar, aka ji harbi a hayi. Kafin a ce me, sai ga mutane sun ɓarko gulbi, mata da goyo, tsofaffi, awaki a wuya, ruwa har ƙirji. Ba mai duban ƙasa, kowa turke yake kamawa ya saki ya kama na gaba. Gwaggo na cikinsu da jikokinta biyu. Duk suka fito. Da abin ya lafa suka koma gidajensu, don gona ba ta bin mutum gudun hijira. Ni na zaci daga nan bakin kowa zai mutu. Ina! Masu cewa a tuge suka ce ai da ba turaku da tuni mutanen hayi sun haƙura sun taso gaba ɗaya. Baffa kuwa yana gaida ubansa safe da yamma, yana kawo masa hatsi, amma maganar gulbi ba ta ƙara haɗa su ba.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, damina ta yi nisa, na iske shi zaune jikin rumbu yana feƙe marke. Wuƙar na zame masa a hannu. Na ce, "Tsoho, ruwa ko alamar sauka bai yi ba, gaggawar me kake?" Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Amarya." Na ce ya bari samari su yi masa. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Waɗanne?" Ya ɗaure damin ya tura ƙarƙashin rumbu. Ban san sallama muke yi ba.

Ranar addu'ar uku aka cika ƙofar gida tun da hantsi. Malamai suka yi karatu, aka raba waina da gumba. Ni ina ɗakin Iya, ta zauna kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce mutanen hayi sun sake zuwa, har da Bafulatanin nan, ya tsaya gefe guda da saniyarsa.

Iya ta ajiye carbi. Ta jawo ƙwarya daga bayan gado, na ga har ta zuba dusa da kanwa, ban san yaushe ba. Ta tura mini ita da ƙafa.

Na ce, "Iya, mazan na waje. Baffa na nan."

Ta ce, "Ni takaba ta ɗaure ni. Ke mi ya ɗaure ki?"

Wallahi na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na tuna masu shan kunun nan, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaura mayafi a ƙugu, na jawo damin turaku daga ƙarƙashin rumbu na aza a ka, na saƙale taɓarya a hammata, na ɗauki ƙwarya. Ta zaure na fita, ban bi ta baya ba. Surutu ya ɗauke ɗif. Na ce, "Salamu alaikum, a ba ni hanya." Suka janye ƙafafu. Wani ya ce, "Ikon Allah, yau mace ce?" Na ce, "Da an samu namiji ai da na huta." Liman ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko dariya yake ɓoyewa.

Ban kai gaɓa ba na ji takun Baffa a bayana, da samarin gadi da bindigoginsu na gargajiya, da sauran jama'a.

"Ke! Koma gida."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ga ƙanwarka can."

"Na ce ki koma."

Ban taɓa saɓa masa ba tun da aka haife ni. Na juya masa baya, na sauke dami da taɓarya, na ɗaga ƙwarya sama da hannu biyu, na kaɗa.

Can hayi Kakan-ruga bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon bindigogin da ke bayana. Sannan ya cire malfarsa, ya dafa wuyan saniyar, ya sake ta. Ta rame, ƙahonta ɗaya ya karye, amma ta shigo. Ta shinshina, ta taka, ta janye. Ta yi sama da ruwa sosai har na ce ta ɓata, sai ta karyo. Wani saurayi ya gyara riƙon bindiga, na ji Baffa ya ce masa a hankali, "Sauke. Saniya ce." Ba ka jin komai sai ruwa. Ta fito tana ɗiga, ta sa baki cikin ƙwaryar da ke hannuna, sai ga hawaye na zubo mini, na bar su.

Na ajiye mata ƙwaryar, na saɓi dami a kafaɗa, na shiga ruwa da taɓarya, na zare turke ɗaya. Nan fa aka ga iyakata. Na sha kallon Kaka yana yi, amma kallo daban, yi daban. Na dasa turken na buga, ya karkace. Na sake bugawa, taɓarya ta goce ta kusa tafiya da ni. Na uku ya shiga, na ji daɗi, na kai hannu zan ɗauki wani.

"Ba nan ba!"

Baffa ne. Ya shigo ruwa da rigarsa ta makoki, ko naɗe ta bai yi ba.

"Wa ya ce miki ta sama ake kafawa? In ruwa ya ture mutum, mi zai tare shi? Ta ƙasa ake kafawa, ruwa ya kai shi jikin turke. Kawo nan, za ki kashe mutane."

Ya fizge taɓaryar, ya tuge nawa, ya matsa, ya laluba da ƙafa, ya buga sau biyu, turke ya tsaya cak. Ya miƙo hannu baya ba tare da ya dube ni ba. Na sa masa wani. Haka muka yi ta tafiya, yana bugawa ina miƙawa, ruwa ya kai ni ƙirji. Ashe duk ya iya, tun yana yaro yake bin Kaka. Ina jin shi yana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka addu'a yake, sai da na matso na ji sunan ɗansa yake kira.

Da muka kai hayi Kakan-ruga yana tsaye da malfa a hannu. Suka kalli juna. Tsohon ya ce, "Ya haƙuri, ɗana?" Baffa ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Baba." Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida uba. Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. 'Yan bindiga na nan, masu son a tuge turaku na nan, wataƙila gobe su tuge. In sun tuge za mu kafa. Damin da Kaka ya bari in ya ƙare, akwai marke a bayan gari, kuma yanzu na san gefen da ake kafawa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kansa in laifi ne, ya ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi yadda ya ƙetarar da bayin Allah ba tare da ya tambayi sunan ubansu ba.

Gwaggo ce ta fara shiga ruwa. Ba ta jira kowa ba, tana kama turke tana saki, sauran mata na biye da ita. Ta hau gaɓa, ta ratsa maza a ƙofar gida ba ta ko gan su ba, ta tsaya a bakin ɗakin Iya, zanenta sharkaf yana zuba. Sai ta tuna jiƙe take, ta sunkuya za ta matse shi kafin ta shiga.

Iya ta ce, "Kada ki matse. Taho haka nan, ki jiƙa mini tabarma, in tabbata tsohon nan bai tafi da hanya ba."